Yadda ake saita tantancewa ta ɓangare ɗaya tsakanin rauta biyu a layin kiran waya

Idan rauta, na'urar da ke haɗa cibiyoyin kwamfuta, ta buga wa 'yar'uwarta waya ta modem, ba a barin ko fakiti ɗaya ya wuce sai an san wadda ta kira. Tsarin kamar na zaure ne: baƙo ya yi sallama, mai gida ya ce "wa ke nan?", baƙo ya faɗi sunansa, a ce ya shigo. Baƙo ba ya juyowa ya ce wa mai gida shi ma ya kawo shaida. Tantancewa ta ɓangare ɗaya ke nan: wadda aka kira ita ce mai tambaya, wadda ta kira ita ce mai amsa.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne rautar Cisco ba ta da wannan ladabin sai an koya mata. Muddin ka rubuta mata `ppp authentication chap`, za ta nemi shaida daga duk wanda ta haɗu da shi, ko ita ta kira ko ita aka kira. Idan ɗaya ɓangaren ma Cisco ce kuma an shirya mata amsa, shi ke nan, kowa ya tantance kowa. Amma na'urorin wasu kamfanoni da yawa, da kusan duk masu sayar da intanet, ba sa yarda mai kira ya tambaye su. Da ka tambaya sai su ƙi, layi ya katse, kai kuma ka zauna kana zargin kalmar sirri alhali ko zuwa wajenta ba a yi ba. Maganin kalma ɗaya ce, `callin`, sai dai sanin inda za a ajiye ta shi ne aikin.

Layukan ƙasa masu lambar 064 na zamanin NITEL sun yi ƙaranci a Kano, wannan ba a ɓoye yake ba. Duk da haka aikin bai mutu ba. Ana yin sa a kan akwatin rarraba wayoyi na cikin ofis ko masana'anta, wato PBX, ɗalibai masu koyon na'urorin Cisco suna yin sa a ɗakin gwaji, kuma kafar Dialer da za mu saita a nan ita ce dai ake amfani da ita yau a PPPoE, wato irin wannan haɗi a kan Ethernet. Wanda ya iya shi a modem ya iya shi a ko'ina.

Misalin da za mu bi

Ka ɗauka akwai kamfani mai hedikwata a Bompai da sito a Sharada. Sito ne ke kiran hedikwata duk lokacin da kwamfutar ma'aji ke son aika lissafin kaya. Cibiyar hedikwata tana kan 192.168.10.0/24, ta sito tana kan 192.168.20.0/24. Layin da ke tsakaninsu za mu ba shi 10.64.0.0/30: hedikwata ta ɗauki 10.64.0.1, sito ya ɗauki 10.64.0.2. Lambar wayar hedikwata 101 ce, ta sito 102, kamar yadda za ka samu a ƙaramin PBX. Kalmar sirrin misali ita ce GoronDaushe64. Kada ka yi amfani da ita a wurin aiki, tunda ga ta nan kowa ya karanta.

Kayan aiki: rauta biyu masu kafar AUX, a nan Cisco 2600, modem na waje guda biyu masu bakin DB-25, kebul na RJ-45 mai juyayyun wayoyi irin wanda ake haɗa kwamfuta da kafar Console, guda biyu, da mahaɗin RJ-45 zuwa DB-25 guda biyu. A nan ka lura sosai: mahaɗin da aka rubuta wa MODEM ake so. Wanda aka rubuta wa TERMINAL wayoyin cikinsa daban ne, kuma in ka je neman tokumbo a titin Beirut na Kano a kwali ɗaya za ka tarar da su a cakuɗe. Ka karanta rubutun jikinsa kafin ka biya.

Abin da ke faruwa a kan layi

PPP, tsarin da rautar biyu ke magana da shi a kan layi, wanda aka kafa ƙa'idarsa a takardar RFC 1661 a 1994, yana bin mataki uku. Da farko LCP: ɓangarorin biyu su daidaita yadda za su yi magana, kuma a nan ne mai son shaida ke faɗin irin wadda yake so. Sai tantancewa. Sai IPCP, inda ake daidaita adireshin IP. In mataki ɗaya bai kammala ba, ba a shiga na gaba.

Hanyoyin tantancewa biyu ne suka fi yawa. PAP, na RFC 1334, mai kira ne ke aika suna da kalmar sirri tsirara, duk mai sauraron layin ya gan su. CHAP, na RFC 1994 da ya fito a 1996, ba ya aika kalmar sirri sam. Hedikwata ta aiko da tambaya mai ɗauke da lambar saƙo, da wasu lambobi na bazata, da sunanta. Sito ya haɗa lambar saƙon da kalmar sirri da waɗancan lambobin, ya niƙa su da MD5, ya samu sakamako mai bayit 16, ya mayar tare da sunansa. Hedikwata ta duba wannan suna a jerinta, ta ɗauko kalmar sirrinsa, ta yi irin wannan lissafin. In sakamako ya zo ɗaya, ta ce an yarda. Abu biyu ke fitowa daga nan, kuma su ne tushen yawancin kurakurai: dole kalmar sirri ta zama ɗaya a ɓangarorin biyu harafi da harafi, kuma dole kowace rauta ta iya ɗauko ainihin kalmar don ta yi lissafi da ita.

Mataki na farko: modem da kafar AUX

Kada ka taɓa maganar CHAP sai modem ya iya kira ya kuma iya ɗauka. Ka fara da `show line` don ganin lambar layin AUX. A 2600 lambar 65 ce, a 1700 kuma 5, saboda haka kafar da za ka saita ita ce Async65 ko Async5. A rauta biyun ka sa wannan:

```
line aux 0
 modem InOut
 transport input telnet
 stopbits 1
 speed 115200
 flowcontrol hardware
```

In tsohuwar 2500 ce a hannunka, AUX ɗinta ba ta wuce 38400. Wannan gudun tsakanin rauta da modem ne kawai. Tsakanin modem da modem a layin waya na gargajiya ba za ka wuce kilobit 33.6 a daƙiƙa ba, ko da an rubuta 56K a jikin kwalin, domin V.90, ƙa'idar 56K ɗin, sai ɗaya ɓangaren yana kan layin dijital take aiki.

Yanzu ka shiga cikin modem ɗin ta rautar. Ana ƙara 2000 a kan lambar layi, sai ka yi telnet zuwa adireshin rautar kanta: a hedikwata `telnet 192.168.10.1 2065`. Rubuta AT, ya ce OK. In bai ce komai ba, kebul ne ko mahaɗi ko gudu. In an ƙi haɗa ka, yi `clear line 65` ka sake. Daga nan ka ba shi `AT&F` ya koma yadda ya fito daga kamfani, sannan `AT&C1&D2`. Na farko yana sa modem ya riƙa faɗa wa rauta gaskiyar ko akwai haɗi ko babu, na biyu yana sa ya ajiye waya idan rauta ta sauke siginar DTR. Ba tare da &D2 ba, rauta za ta ɗauka ta katse kira alhali modem na nan riƙe da layi. Sai kula da kwararar bayanai ta waya: yawancin modem &K3 suke ji, na USRobotics kuma &H1&R2, tare da &B1 don ya tsaya a gudu ɗaya. A modem na hedikwata ka ƙara `ATS0=1` don ya ɗauka a ƙara ta farko. A ƙarshe `AT&W`, wanda ke adana saitin. Wanda ya manta &W zai ga komai daidai har ranar da aka ɗauke wuta aka tada janareta, modem ya farka bai san komai ba.

Don fita, danna Ctrl da Shift da 6 tare, ka saki, ka danna x, sannan ka rubuta `disconnect`. In ka bar wannan zaman a buɗe, layin na hannunka, rauta ba za ta iya kira ba. Idan an gama komai ka mayar da `transport input none`, kada wani ya shiga modem ɗinka ta cibiya ya riƙa buga waya.

Mataki na biyu: hedikwata, mai tambaya

```
hostname Hedikwata
username Sharada password GoronDaushe64
interface Async65
 ip address 10.64.0.1 255.255.255.252
 encapsulation ppp
 async mode dedicated
 dialer in-band
 dialer idle-timeout 300
 dialer map ip 10.64.0.2 name Sharada
 dialer-group 1
 ppp authentication chap
dialer-list 1 protocol ip permit
ip route 192.168.20.0 255.255.255.0 10.64.0.2
```

Sunan da ke layin `username` na mai kira ne, ba na hedikwata ba. Mutane kan rubuta sunan rautar da suke zaune a kanta, wannan kuwa kamar maigadi ne ya rubuta sunansa a takardar baƙi.

Ka dubi kalmar `password` da kyau. A wasu wurare an koya maka `secret` ya fi, kuma gaskiya ne wajen shiga rauta. A nan ba zai yi ba. `secret` yana niƙe kalmar ta yadda ba ta dawowa, CHAP kuma ainihinta yake bukata. Abin da za ka iya shi ne `service password-encryption`, wanda ke rufe ta da nau'i na 7. Rufin mayafi ne kawai, yana hana mai leƙe ta kafaɗarka, amma duk wanda ya samu kwafin saitin zai buɗe shi cikin daƙiƙa. Don haka kada kwafin saiti ya riƙa yawo a WhatsApp.

Layin `dialer map` ba shi da lambar waya, da gangan ne: hedikwata ba za ta taɓa kira ba, amma tana bukatar sanin cewa wanda ya shigo da sunan Sharada shi ne mai 10.64.0.2. In sunan nan ya saɓa da wanda aka tantance, za ka iya ganin CHAP ya yi nasara amma ping ba ya dawowa. `dialer-group 1` kuwa shi ke sa hedikwata ta ƙidaya fakitin da take turawa a matsayin aiki. In babu shi, a wurinta layin zaman banza yake, da lokaci ya cika sai ta katse ko da ana tsakiyar aika fayil. Asalin lokacin daƙiƙa 120 ne. Mun ɗaga shi zuwa 300 don sito, wanda shi ke kira, ya zama shi ke yanke lokacin ajiye waya.

In an kunna `aaa new-model` a rautar, ka ƙara `aaa authentication ppp default local`, ko ka nuna mata sabar RADIUS in can sunayen suke.

Mataki na uku: sito, mai amsa

```
hostname Sharada
chat-script KIRA ABORT ERROR ABORT BUSY ABORT "NO CARRIER" "" "ATZ" OK "ATDT\T" TIMEOUT 60 CONNECT \c
interface Async65
 no ip address
 encapsulation ppp
 async mode dedicated
 dialer in-band
 dialer pool-member 1
 ppp authentication chap callin
interface Dialer1
 ip address 10.64.0.2 255.255.255.252
 encapsulation ppp
 dialer pool 1
 dialer remote-name Hedikwata
 dialer string 101
 dialer idle-timeout 120
 dialer hold-queue 10
 dialer-group 1
 ppp authentication chap callin
 ppp chap hostname Sharada
 ppp chap password GoronDaushe64
 ppp pap refuse
line aux 0
 script dialer KIRA
access-list 101 deny udp any any eq ntp
access-list 101 deny udp any any range 137 138
access-list 101 permit ip any any
dialer-list 1 protocol ip list 101
ip route 192.168.10.0 255.255.255.0 Dialer1
```

Ga inda `callin` take zaune: a rautar da ke kira. Sunan yana ruɗarwa, mutum ya ga kamar a wadda ake kira ya dace a sa ta. Ma'anarta ita ce, "ki nemi shaida ne kawai idan kiran shigowa ya yi". Sito kuwa fita yake kira, don haka ba zai tambayi hedikwata komai ba. In ka sa ta a hedikwata ita kaɗai ka bar sito da `ppp authentication chap` zalla, ba ka canza komai ba: hedikwata dama kiran shigowa take karɓa, sito kuma yana nan yana tambaya.

Wani zai ce, to me zai hana a cire layin `ppp authentication` gaba ɗaya daga sito? Zai yi aiki, domin amsa tambaya ba ta bukatar wannan layin, duk rautar da ke da suna da kalmar sirri za ta amsa. Bambancin yana bayyana ne ranar da wani ya buga 102 kuma modem ɗin sito ya ɗauka. Ba layin, ƙofa a buɗe take. Da `callin`, sai ya kawo shaida. Mu dai shawararmu a sa ta. Kuma a sa ta a wuri biyu, Async65 da Dialer1, saboda kiran shigowa a kafar zahiri yake fara sauka kafin a san Dialer ɗin da za a ɗaura shi a kai.

`ppp chap hostname` ba dole ba ne a misalin nan, tunda in babu shi rauta sunanta na `hostname` take aikawa. Mun rubuta shi ne don gobe: wani ya zo ya sake wa rautar suna don tsari, washegari sito ya kasa shiga, ba wanda zai tuna alaƙar abubuwan biyu. Haka kuma idan mai sayar da intanet ne ya ba ka suna, nan za ka rubuta shi.

Akwai tarko a `ppp chap password` da ya kamata a tsaya a kansa. Idan tambaya ta iso da sunan Hedikwata, sito yana fara duba jerin `username` nasa ne. In ya samu `username Hedikwata password` da wata kalma, da ita zai amsa, ko kallon `ppp chap password` ba zai yi ba. Wannan na biyun madogara ce ta lokacin da ba a samu sunan ba. Rautar tokumbo ko wadda aka taɓa yi wa tantancewa ta ɓangare biyu takan zo da irin wannan tsohon layi. Yi `show running-config | include username` ka gani. Ko ka goge shi, ko ka daidaita kalmar.

Game da rubutun kira: `ATZ` yana mayar da modem kan saitin da ka adana da &W, `\T` kuma wurin da lambar `dialer string` ke shiga ne. Rubutun yana jiran ganin OK da CONNECT a rubuce, saboda haka kada a rufe wa modem ɗin sito baki da Q1. Q0 da V1 ake so. In sai an danna 9 kafin a samu layin waje, ka rubuta 9 da waƙafi kafin lambar, waƙafin ɗan jinkiri ne. In modem yana cewa NO DIALTONE alhali wayar hannu a wannan layin tana jin sauti, sautin PBX ɗin ne bai gane ba, ka ƙara X3 a saitinsa ya kira ba tare da jira ba.

Jerin `access-list 101` yana zaɓar fakitin da ya isa a buga waya saboda shi. Ba ya hana komai wucewa idan layi ya riga ya buɗe. Mun cire daidaita agogo da surutun NetBIOS na kwamfutocin Windows, don su kaɗai sun isa su hana layi hutawa dare da rana.

Mataki na huɗu: gwaji, da karanta abin da rauta ke faɗa

A rauta biyun ka kunna `debug ppp negotiation` da `debug ppp authentication`. A sito ka ƙara `debug dialer` da `debug chat`. In ta telnet ka shigo, sai ka rubuta `terminal monitor`, in ba haka ba ba za ka ga komai ba. Daga sito:

```
ping 10.64.0.1 repeat 30
```

Na farko-farkon za su faɗi, kada hankalinka ya tashi. Modem biyu kan ɗauki daƙiƙa ashirin zuwa talatin suna kururuwarsu kafin su daidaita, ping biyar na al'ada kuwa a daƙiƙa goma yake ƙarewa. Abin da kake son gani a sito shi ne:

```
As65 PPP: Treating connection as a callout
As65 PPP: Phase is AUTHENTICATING, by the peer
As65 CHAP: I CHALLENGE id 1 len 30 from "Hedikwata"
As65 CHAP: O RESPONSE id 1 len 28 from "Sharada"
As65 CHAP: I SUCCESS id 1 len 4
As65 IPCP: State is Open
```

Harafin I na nufin abin da ya shigo, O abin da ya fita. Layi na biyu shi ne alƙali. `by the peer` na nufin wancan ɓangaren ne ke tantance ka, kai ba ka tambayi kowa ba. A hedikwata wannan layin zai ce `by this end`. In ka ga `by both` a ko'ina, ba ka kan ɓangare ɗaya, komai kyan da saitin ya yi a idonka. Haka nan kada `O CHALLENGE` ya bayyana a sito. Bayan haka ka gwada daga kwamfutar sito zuwa wata a 192.168.10.0, ka duba `show dialer` don ganin dalilin kiran da lokacin da ya rage kafin a katse. Ka kashe bin diddigin da `undebug all`, ka adana da `copy running-config startup-config` a rauta biyun tun wuta na nan.

Idan abu ya ƙi

Ka bi matakan a jere, kada ka yi tsalle. In `debug dialer` bai nuna yunƙurin kira ba, matsalar tana hanya ko `dialer-list` ko lambar `dialer-group` da ba ta dace da shi ba. In an yi yunƙuri amma `debug chat` ya tsaya yana jiran OK, modem ne. In ya tsaya yana jiran CONNECT, ko hedikwata ba ta ɗauka ba saboda S0, ko layin ya yi ƙara. Da damina ruwa kan shiga mahaɗar wayoyi a waje, kira ya riƙa yankewa a tsakiya, wannan ba ruwan CHAP. Ka sa waya ta hannu a layin ka saurara. In kana jin shuuu, mai gyaran waya za ka nema. Tsawa ma ta layin waya take bi ta ƙone modem har da kafar AUX, saboda haka a sa abin kariya a layin wayar, ba a soket na wuta kaɗai ba.

In CONNECT ya zo amma LCP na ta maimaita `O CONFREQ` ba amsa, ɗaya ɓangaren bai fara PPP ba, ko gudun rauta da modem bai dace ba. Duba `async mode dedicated` da `encapsulation ppp`.

In kana ganin sito yana aika `AuthProto CHAP (0x0305C22305)` wancan kuma yana mayar da `CONFREJ` a kansa, sau da yawa har layi ya faɗi, wannan ita ce ainihin cutar da `callin` ke warkarwa: kana neman shaida daga wanda ba zai bayar ba. Ko ba ka sa kalmar ba, ko ka sa ta a kafa ɗaya ka manta ɗayar.

In an kai tantancewa sai `FAILURE` ya zo da `MD/DES compare failed`, ko `Authentication failed` a sabbin IOS (manhajar rautar Cisco), an samu sunan amma kalmar ta bambanta. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a kalmar sirri. Akwai kuma wanda ba a gani: fili ɗaya a ƙarshen kalmar, wanda kan biyo idan an kwafo daga saƙo an liƙa. Rauta tana ƙidaya shi. Ka sake rubuta ta da hannu a ɓangarorin biyu, ka danna Enter nan take. In hedikwata ta ce ba ta samu sunan ba, dubi abin da ke cikin alamar zance a layin `I RESPONSE`, shi ne sunan da ya iso gare ta, ka rubuta shi daidai a `username`. In kuma sito ne ke cewa `Unable to authenticate for peer`, shi ne ba shi da kalmar da zai amsa da ita.

Masu gwaji a manhajar kwaikwayon rauta ta GNS3 ko da kebul na siriyal baya da baya za su ga `Treating connection as a dedicated line`. Ba wanda ya kira wani, don haka `callin` ba ta da abin kamawa. Ka faɗa musu da bakinka: `ppp direction callout` a sito, `ppp direction callin` a hedikwata.

In dole sai PAP

Wasu tsoffin na'urori PAP kaɗai suka sani. A hedikwata ka canza zuwa `ppp authentication pap`, layin `username` yana nan yadda yake. A sito ka cire `ppp pap refuse`, ka sa:

```
 ppp authentication pap callin
 ppp pap sent-username Sharada password GoronDaushe64
```

PAP ba ya ɗaukar `hostname` da kansa, sai ka rubuta `sent-username`. A LCP za ka gane shi da `0x0304C023`. Kada kalmar da kake aikawa ta PAP ta zama wadda kake amfani da ita a CHAP a wani wuri. IOS ma kan yi maka gargaɗi in ta ga haka.

A nan ne ya kamata a faɗi raunin ɓangare ɗaya ƙarara. Sito bai san wanda ya ɗauki wayar ba. In an yi kuskuren lamba, ko wani ya karkatar da 101 a PBX zuwa nasa modem, sito zai amsa masa. Da CHAP abin da zai samu sakamakon MD5 ne, wanda zai iya zama ya yi ta gwada kalmomi a kansa, shi ya sa kalmar take son tsawo, haruffa goma sha biyar zuwa sama, ba sunan kamfani ba, ba lambar mota ba. Da PAP kuwa kalmar ce kanta za a miƙa masa a faranti. Amfanin `ppp pap refuse` ke nan a saitinmu na farko: ko wancan ya ce PAP yake so, sito ba zai biye masa ba. Idan rauta biyun naka ne kuma duk suna iya CHAP, ɓangare biyu ya fi, kuɗinsa layin `username Hedikwata` ɗaya ne a sito da cire `callin`. Ɓangare ɗaya na wurin da ba kai ke da ɗaya bakin ba ne, ko na'urar can ba ta iya amsawa.

Sauran layuka

A ISDN, wato layin waya na dijital, BRI0 ce ke maye gurbin Async65: ba rubutun kira, ba modem, sai `isdn switch-type` daidai da na mai layin, `basic-net3` a tsarin Turai, da `dialer pool-member 1`. Ka tabbata `show isdn status` ya nuna MULTIPLE_FRAME_ESTABLISHED kafin ka nemi laifin PPP. In ɗaya ɓangaren Linux ne mai pppd, `noauth` a mai kira shi ne kwatankwacin abin da muka yi, mai karɓa kuma ya sa `require-chap` ya rubuta sunan a /etc/ppp/chap-secrets.

A PPPoE, kafar Ethernet ta ɗauki `pppoe enable` da `pppoe-client dial-pool-number 1`. Dialer1 ta rasa `dialer string` da `dialer remote-name`, ta samu `ip address negotiated` da `ip mtu 1492`, saboda kan PPPoE yana cin bayit 8 daga 1500. Ka ƙara `ip tcp adjust-mss 1452`, in ba haka ba wasu shafuka za su buɗe wasu su maƙale a rabi. Layukan `ppp authentication chap callin`, `ppp chap hostname` da `ppp chap password` kuwa ba abin da ke canzawa a cikinsu sai suna da kalmar da mai sayar da intanet ya rubuta maka, kuma a `debug ppp negotiation` layin da za ka nema shi ne dai `by the peer`, sai dai a gabansa za ka ga Vi maimakon As65.